Resor na mota ɗaya mai aiki biyu: titunan Damagaram da fakon Lahadi

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Motar BMW ce 325i, ƙirar E36, ta 1993, mai silinda shida da giyar hannu. Aiki biyu nake so ta riƙa yi mini. Litinin zuwa Asabar ta kai yara lakwal, ta kai ni wurin aiki, ta shiga lungunan Birni da na Zango ba tare da ta bar cikinta a kan dutse ba. Ran Lahadi kuma ta je fakon da muke zagayawa a gefen hanyar Tanut, inda muka jera tsofaffin tayoyi muka fitar da kwana-kwana da izinin mai filin, muna shiga ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Jar ƙasa ce mai tauri, da ƴar tsakuwa a sama, sai wani yanki mai gargada kafin kwanar ƙarshe.

A yadda take yanzu, cikin gari ba ta da laifi. A fako ne take kwantawa gefe in an sha kwana, hancinta ya nitse in an taka birki. Resor ɗinta, wato naɗaɗɗun ƙarafan da jikin mota ke zaune a kai, na asali ne, sun haura shekara talatin suna ɗauke da ita, amotisar na baya ɗaya, mai kashe lilon mota, kuma yana tsiyayar mai.

Duk wanda na faɗa wa, amsarsa ɗaya ce: sa mai tauri, ka sauke ta ƙasa. To, mai tauri nawa? Nan ne maganar take mutuwa. Shi ya sa zan riƙa rubuta abin da na auna da abin da ya biyo baya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kafin a yi zancen resor sai an san nauyin da zai ɗauka. Sikelin manyan motoci ba zai yi ba, don kilo ashirin a wurinsa ba komai ba ne. Wani Alhaji mai sayen wake a wajen kasuwar Dole ya ara mini sikelinsa na buhuna, mai ɗaukar kilo 500. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce, "Malam, tun da nake ban taɓa auna mota ba, ka dai dawo mini da shi da ransa."

Muka sami daɓen siminti mai daidai a gareji, muka ɗora taya ɗaya a kan sikeli, sauran ukun a kan katakai masu tsayi ɗaya da shi. Wannan tsayin shi ne komai: in taya ɗaya ta fi sauran tudu ko da yatsa ɗaya, nauyi zai taru a kanta, lissafi ya lalace. Ina zaune a ciki, tanki rabi.

Gaba ya ba da kilo 720, baya 690, jimla 1,410. Sai a cire abin da ba ya kan resor, wato taya da janti da birki da rabin hannuwan ƙafa. Na cire ƙafa na auna abin da zai aunu, na ƙiyasta sauran: wajen kilo 40 a gaba, 45 a baya. Abin da ya rage a kan kowace kusurwa ke nan kilo 320 a gaba, 300 a baya. Waɗannan lambobi biyu ne zan yi ta komawa kansu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Yau muka sauke resor duka huɗu. Maigidan gareji, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Peugeot 404, yana kallona da ma'aunin kauri a hannu yana girgiza kai.

Taurin resor mai naɗi (k) abu uku ke yanke shi: kaurin ƙarfen (d), faɗin naɗin (D), da yawan zoben da ke aiki (n). Lissafin shi ne k = G × d⁴ ÷ (8 × D³ × n), G kuwa, lambar taurin shi kansa ƙarfen, wajen 79,000 ne. Na gaba kaurinsa milimita 12.5, faɗin naɗi 140, zobe masu aiki kamar 4. Ya fito 22 N/mm, wato kilo biyu da ɗan kai ke matse shi milimita ɗaya. A lura da wannan d⁴: ƙarin milimita ɗaya kacal a kaurin ƙarfen yana ƙara tauri da fiye da kashi 35 cikin ɗari. Ido ba ya ganin wannan bambanci, shi ya sa sayen resor da ido a tarin kayan gwanjo caca ne.

Na baya ba ya lissaftuwa haka, don kumburarre ne a tsakiya, ƙarfensa kuma yana sirancewa a bakuna. Muka sa shi a matsin gareji da sikeli a ƙarƙashi, muka matse shi muna auna tsayi. A tsakiyar tafiyarsa ya ba da kusan 50 N/mm.

Maigida ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Baya ya ninka gaba tauri tun daga kamfani." A kan takarda haka ne. A ƙasa ba haka ba ne, kuma dalilin shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a wannan aiki.

A gaban motar nan resor yana naɗe ne a jikin amotisar, kusa da taya. In taya ta hau milimita 100, resor ya matsu 95. A baya kuwa resor yana zaune ne can ciki a kan hannun sama, nesa da taya. Muka ɗaga ƙafar da jak ba resor, muna aunawa: taya ta hau 100, mazaunin resor ya matso 65 kawai. Kamar mai tare ƙyaure ne kusa da maɗaurinsa: ko yaro ya tura daga baki sai ya fi ƙarfinka. Asarar kuma ninki biyu ce, don resor ba ya matsuwa sosai, ɗan ƙarfin da ya bayar kuma ba ya isa taya duka. Saboda haka ake ninka rabon da kansa: 0.95 × 0.95 ya zama 0.90, amma 0.65 × 0.65 ya zama 0.42.

Ke nan abin da taya ke ji a gaba 22 × 0.90, wajen 20 N/mm. A baya 50 × 0.42, wajen 21. Kusan ɗaya suke.

Lahadi, 1 ga Disamba

Hanyar da ake kwatanta mota da mota ita ce a san sau nawa jikinta ke lilo sama da ƙasa a sakan ɗaya in an danna shi an saki. Lissafin mai sauƙi ne: 5.03 × √(taurin da taya ke ji ÷ kilon da ke kan kusurwar). Tawa a yanzu 1.25 Hz, wato lilo a sakan, a gaba, 1.33 a baya. Motocin hawa na yau da kullum tsakanin 1 da 1.5 suke. Masu ɗan zafi 1.5 zuwa 2. Daga 2 zuwa sama an shiga na tsere a kan kwalta mai santsi.

Ƙanena da ke zirga-zirga Kano ya turo mini hoton wani saiti da ya gani a Ƙofar Ruwa, amotisar masu zaren saita tsayi da resor ɗinsu, an rubuta 10K a jikin duka huɗun, wato kilo goma a milimita, 98 N/mm. Sun yi kyau a hoto, ja da ruwan zinariya. Ya ce, "Yaya, in ba ka saya ba wani zai ɗauke kafin Alhamis."

Na sa su a lissafi. Gaba 2.65 Hz, baya 1.87. Resor iri ɗaya, lamba ɗaya, amma gaba ya zama na motar tsere, baya na motar gari mai ɗan tauri. Mota irin wannan in ta shiga kwana hancinta zai zarce ko ka juya sitiyari iya juyawa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Nauyin mota yana matse resor tun tana tsaye, wannan matsin shi ne ajiyar da taya ke da ita in ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinta. Da resor na asali, gaban motata yana zama milimita 158. Da 10K, milimita 35 kawai. Duk ramin da ya wuce zurfin yatsu biyu, taya ta saki ƙasa tana rataye a iska, taya a iska kuwa ba ta birki, ba ta kwana. A filayen tseren Turai ba ruwansu da wannan, kwaltarsu shimfiɗaɗɗiya ce. Mu nan ko a kan gudurun na tsakiyar gari irin wannan rami ba a ƙirga shi rami. Na ce wa ƙanena ya bar su a inda ya gan su.

Asabar, 14 ga Disamba

Na tsayar da abin da nake nema: kusan 1.7 a gaba, baya ya ɗan fi haka.

Dalilin fifita baya tsoho ne. Maurice Olley, injiniyan Ingila da ya bar Rolls-Royce ya koma General Motors a Amurka a 1930, shi ya fito da shi fili. Tayar gaba ce ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo daga baya. Tsakanin ƙafafun gaba da na bayan motata mita 2.7 ne, a gudun kilomita 60 a awa ke nan baya yana makara da sakan 0.16. In baya ya fi gaba saurin lilo da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, sai ya cim ma gaba, motar ta hau ta sauka a tare maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa. Wanda ya taɓa bin hanyar Takeita a bayan motar da ke yin wannan sunkuyon ya san ciwon wuyan da ake kwana da shi.

Na juya lissafin ta baya. 1.7 a gaba yana son resor na 40 N/mm, wato 4K, wanda zai ba da 1.67. Baya 1.85 yana son 96, mafi kusa shi ne 10K, mai ba da 1.87. Huɗu a gaba, goma a baya. Maigida ya karanta takardar ya ajiye ya ce shi dai zai ɗaura, amma ba da bakinsa ba.

Na san masu wannan mota a Turai da Amurka sukan sa gaba mai tauri fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma suna da hujja. Ƙafar gaba irin ta MacPherson, wato mai resor naɗe a jikin amotisar, in mota ta karkata tana kwantar da taya a kan gefenta na waje, don haka sukan hana gaban motsi gaba ɗaya. Amma su tayarsu tana kama kwalta har mota ta karkata sosai. A kan tsakuwa taya takan zame tun kafin a kai nan. Ba na ganin dalilin biyan kuɗin maganin ciwon da ƙasata ba ta kawo shi.

Tsayi kuma ba zan sauke ta fiye da milimita 15 ba. Kwanon man injin na alminiyum ne, duwatsun Damagaram kuwa ba su san wasa ba. Tayoyi suna nan yadda suke, 205/60 a kan janti 15. Masu ba ni shawarar janti 17 da siririyar taya ba su taɓa biyan kuɗin gyaran janti ba.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Kaya sun iso. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 abin da ke biyowa ta Kwatano ya zama sai an yi haƙuri, don haka wani ɗan uwa mai sayayya a Dubai ya haɗo su da kayansa zuwa Kano, direban tasha ya ƙaraso da su ta Daura da Matamaye. Resor ne miƙaƙƙu masu faɗin ciki milimita 60, irin waɗanda taurinsu ba ya canzawa daga farko zuwa ƙarshe, da amotisar masu gas da ake iya saita ƙarfin dawowarsu.

Tsawon resor na gaba sai da na tsaya a kansa kafin oda. Galibin saitin da ake sayarwa suna zuwa da na milimita 180, saboda an yi su ne don masu tauri. Resor na 4K nauyin motar kaɗai yana cinye masa milimita 84. In ɗan 180 ne, abin da zai rage kafin zobba su haɗe ƙarfe da ƙarfe bai taka kara ya karya ba, in kuwa suka haɗe, duk bugun a jikin mota zai sauka. Na sa aka kawo na 250. Matsalarsa ita ce mazauninsa na ƙasa ya sauko daidai gefen taya, har sai da muka sa faifan milimita 10 a bayan janti aka sami sarari.

A baya damuwar akasin haka ce. Resor gajere ne, in an ɗaga mota ƙafa ta saki har ƙarshe sai ya yi sako-sako a mazauninsa, ana iya juya shi da hannu. A fako in mota ta yi tsalle zai iya ficewa. Muka ƙara masa ɗan ƙaramin resor mai laushi a sama, wanda aikinsa kawai ya riƙe babban a wurinsa, in mota ta zauna kuma ya murƙushe ya zama ba shi da tasiri.

Tun da an buɗe, muka sauya robobin hannuwan baya da kawunan amotisar. Roba mai shekara talatin da ta sha zafin nan ba a ɗora mata sabon resor.

Lahadi, 26 ga Janairu

Cikin gari tukuna. Ta yi tauri, ba a musu, amma taurin da ake jurewa. A tudun rage gudu tana hawa ta sauka sau ɗaya ta tsaya, da can kuwa sai ta ƙara lilo biyu. Gyatumata da na kai biki Sabon Gari, tana zaune a baya, ta ce, "Kai wannan mota taka me ka yi mata, ta daina ɗaukar mutum da ladabi?" Na rage ƙarfin amotisar na baya da ɗan juyi, washegari ba ta sake magana ba, ko dai ta gamsu ko ta haƙura.

Wani amfani da ban sa a lissafi da farko ba: kaya. Manya uku a baya da buhu a but sukan ƙara wa kowace kusurwar baya kamar kilo 90. Da resor na asali baya yana nitsewa milimita 42, salansa ta riƙa goga ƙasa a mashigar gida. Yanzu 21 ne.

Na ɗaura siririn zoben roba a sandar kowane amotisar, in ƙafa ta matsu sai ta tura shi sama ya tsaya a iyakar inda ta kai. Bayan mako na zirga-zirgar gari, na gaba sun kusa robar ƙarshe, mai tare ƙafa in ta kai iyakar matsuwa, amma ba su taɓa ta ba. Abin da nake so ke nan: ana cin tafiyar ƙafar duka, ba a bugawa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Fako, da sassafe, hazo bai gama ɗagawa ba.

Gaba ya yi yadda nake fata. Tana shiga kwana da zarar an nuna mata, nitsewar birki ta ragu da kusan rabi. Baya ne ke da magana. A doguwar kwanar nan ta hagu, da na fara taka mai sai ya fita waje, ba da gaggawa ba amma kowane zagaye. Masu kallo suna ihu suna jin daɗi, ƙura na tashi, agogo kuwa yana cewa ban ƙaru da komai ba, don lokacin da nake gyara sitiyari ba tafiya nake ba.

Abin da ke faruwa a bayyane yake. In mota ta karkata a kwana, nauyi yana barin tayoyin ciki ya koma na waje, gefen da ya fi tauri tsakanin gaba da baya kuma shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan ƙaura. Tayoyi biyu da aka raba musu nauyi ɗaya mai yawa ɗaya kaɗan ba sa kama ƙasa kamar biyun da aka raba musu daidai. Na ƙara wa gaba tauri da kashi 78 cikin ɗari, baya kuwa na kusan ninka shi. Baya ne kuma ke tura motar. An haɗa masa aiki biyu a kan tsakuwa.

Gargadar kafin kwanar ƙarshe ta koya mini wani abu daban. Na sauka na auna tsakanin tudu da tudu, kamar santimita 90. A gudun kilomita 40, mita 11 ke nan a sakan, taya tana shan bugu wajen 12 a kowane sakan. Ƙafar mota kuma tana da nata lilon, tsakanin taurin iskar taya da nauyin ƙafar: taya wajen 200 N/mm, ƙafa kilo 40, ya fito kusan 12 Hz. Sun yi daidai, shi ya sa a 40 motar ke rawa kamar za ta warwatse, a 70 kuma ta lafa. Direbobin hanyar Agadas sun san haka tun kafin a haife ni, ba tare da takarda ba. Abin lura shi ne resor ba ya warkar da wannan, taurin taya ya ninka nasa sau biyar. Iskar taya da amotisar ne ke da ta cewa. Na rage iska daga bar 2.3 zuwa 2.0, na ji bambanci nan take.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Hanya biyu ce: a ƙara wa gaba tauri, ko a rage wa baya. Abokan fako duk suna kan ta farko, a sa 5K ko 6K a gaba. Da 5K gaba zai koma 1.87, daidai da baya, dokar Olley ta tafi, ajiyar taya ta ragu daga milimita 89 zuwa 71, gyatuma kuma ta koma hawa adaidaita. Ni na fi son in sauke baya zuwa 9K: 1.77 Hz, ya fi gaba da kashi 6 cikin ɗari. Bai kai goman da ake so ba, amma amotisar masu kyau suna rufe wannan giɓi. Na ba da oda.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi, ga kuma ƙarancin mai da ya kama ƙasar a watan nan. Ba wanda zai ƙona abin da ya sha layi ya samu yana zagaya tayoyi a daji. Mota tana gida. Resor na 9K sun iso, suna cikin kwali.

Lahadi, 13 ga Afrilu

An ɗaura 9K, an maido tsayi inda yake, an sake saita ƙafa. Wannan na ƙarshen ba a tsallake shi: duk lokacin da tsayin baya ya motsa a motar nan, kwanciyar taya da inda take fuskanta suna motsawa tare da shi.

Bayan ya natsu sosai. Yanzu sai na matsa masa da gangan yake fita, kuma yana gaya mini kafin ya fita. Agogo ya sauko da fiye da sakan ɗaya a zagayen da bai kai minti ɗaya da rabi ba.

Sai zafi ya kawo nasa. Da hantsi ma'auni ya haura 40, bayan ƴan zagaye motar ta fara lilo kamar an sauya mata ƙafa. Na taɓa amotisar na baya, hannu ba ya zama. Aikin amotisar shi ne ya mai da motsi zafi ta hanyar tura mai cikin ƙananan ramuka, in man ya yi zafi ya tsinke, riƙonsa ya ragu. Resor kuwa ko a jikinsa, zafin Afrilu ba ya canza taurin ƙarfe yadda za a ji. Don haka duk gwajin da zan kwatanta da wani, daga yanzu kafin ƙarfe tara na safe ne. Na kuma lura saitin da ya yi daidai a sanyin Janairu yana son ƙarin juyi ɗaya a bazara.

Ga mai shirin ɗora resor mai tauri a kan amotisar na asali: in tauri ya ninka, riƙon da ake bukata yana ƙaruwa da kashi 41 cikin ɗari. Na asali ba shi da wannan, balle wanda ya tsufa. Yawancin motocin samarin da ake gani suna tsalle-tsalle a titi, an yanke musu zobe biyu da injin yankan ƙarfe don su sauka ƙasa, ciwonsu ke nan. Yanke zobe yana ƙara tauri, daga huɗu zuwa uku ƙarin sulusi ne, amma tsayin da ya tafi ya fi taurin da aka samu yawa, sai motar ta koma zaune a kan robar ƙarshe.

Lahadi, 4 ga Mayu

Karkatar da ta rage a gaba na ce bari in taɓa ta da sandar hana karkata maimakon resor. Ita wannan sanda ba ta aiki in tayoyin biyu sun hau tudu tare, sai in ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, don haka ba ta taɓa lissafin lilo. Tawa milimita 22.5 ce. Maigida ya tono mini ta 24 daga wata E36 da ta daɗe a bayan garejinsa awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ita ma taurinta da d⁴ yake tafiya kamar na resor, milimita ɗaya da rabin nan ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari ne.

A fako ta ƙara wa baya natsuwa, har ina iya taka mai tun tsakiyar doguwar kwanar. A lungu kuwa an biya kuɗinta: inda taya ɗaya ke faɗawa kwata ɗaya na kan tudu, kai yana kaɗawa hagu da dama fiye da da. Kaɗan ne, zan zauna da shi. Da ta 26 ce da na cire.

Lahadi, 18 ga Mayu

Wani abokin fako, mai irin motata sak sai dai tasa 328i ce da ta fi tawa ƙarfin inji, ya ɗaura saiti mai 10K gaba da baya, ya sauke ta har yatsa ba ya shiga tsakanin taya da jiki. Muka yi musaya, ya hau tawa na hau tasa.

A yankin da ƙasa ta yi sumul tasa tana da daɗi, sitiyari kamar ya san abin da ke ranka. Da na isa gargada sai gaban ya daina taɓa ƙasa, na taka birki fedal yana karkarwa a ƙafata, ABS, na'urar hana taya ƙamewa a birki, yana ta saki yana kamawa, motar ta zarce ta ture tayoyin kwana. A zagaye cikakke tawa ta riga tasa, ko ni ke tuƙi ko shi. Ya sauko ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin motata, ya ce, "Aboki, aro mini takardar nan taka." Motarsa ba nauyinmu ɗaya ba, na ce masa sai mun koma wurin Alhaji mai wake.

Maigida da aka ba shi labari bai ce komai ba, amma na ga ya sa yaronsa ya kwafe lissafin rabon motsi a bangon gareji da alli.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ruwa ya sauka, fako ya jiƙe, mai filin ya ce a dakata kada mu tone masa shi. Sai bayan damina.

Inda aka tsaya: gaba 4K mai tsawon 250, 1.67 Hz, baya 9K, 1.77 Hz, sandar gaba 24, ta baya ta asali, tsayi ƙasa da na kamfani da milimita 15, iska 2.3 a gari, 2.0 a fako.

Zoben robar da ke amotisar na gaba na dama ya nuna yana taɓa robar ƙarshe a gargada, na hagu bai taɓa ba. Ko dai kusurwoyin ba su daidaita ba tun da aka sauya resor na baya, ko robar ce ta fi ƴar uwarta tsawo. Za a sake hawa sikeli a duba nauyin kusurwa da kusurwa ina zaune a ciki. Akwai kuma farantin ƙarfe da mai walda zai yanka mini don ƙarfafa inda kawunan amotisar na baya suke ɗaure, da wani na kare kwanon mai, mai kaurin milimita 4.